A Kai Shi Cibiya ko a Ƙara Jira? Iyayen Yara Masu Galahanga a N'Djamena

A yawancin gidajen N'Djamena maganar ba da sunan cuta take farawa ba, da kwatance take farawa. Yaro ya shekara biyu da rabi. Ɗan maƙwabta da aka yi sunansu a wata ɗaya yana ta surutu har ana aikensa ɗauko buta, shi kuwa ko "Mama" bai taɓa cewa ba. A kira sunansa daga baya, ba ya waiwayowa, amma a buɗe ledar biskit a ɗaya ɗakin, sai ga shi ya taho. Yana jera murafen kwalabe a layi, wanda duk ya gusar da ɗaya ya tayar da rigimar da ba za ta kwanta ba sai la'asar. Uwa ce kan fara lura. Kakar yaro kuma ita ce kan fara kwantar da hankali: "Ke dai kin cika gaggawa, 'yar nan. Ubansa ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe. Maza ai haka suke."

Wani lokaci kaka ce ke da gaskiya, domin akwai yaran da jinkirin baki kawai ke damunsu, su kuma cim ma sa'o'insu. Wani lokaci kuwa abin da ake gani lalurar galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, wanda ke shafar cuɗanyar yaro da mutane, da maganarsa, da yadda yake jin ƙara ko haske ko taɓi a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a jikin maza. Chadi na da mutum fiye da miliyan 18, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Wanda ya buga lissafin zai ga ana maganar dubun-dubatar yara ne, ba 'yan tsiraru ba.

Kafin iyaye su kai ga tambayar ko a kai yaro cibiyar horo, akwai wata tambayar da ake yawan tsallakewa: shin yaron yana ji? N'Djamena na cikin yankin da sanƙarau ya daɗe yana yi wa ɓarna, kuma zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yakan bar yaro da rauni a ƙwaƙwalwa. Yaron da sanƙarau ya kashe wa ji ba ya amsa kira, ba ya magana, yana fushi don ba a fahimtarsa, kuma daga nesa sai a rantse galahanga ce. Abin da yake buƙata daban ne. Don haka gwajin kunne da ganin likitan yara, ko a Asibitin Uwa da Yaro, ko a babban asibitin ƙasa, ko a asibitin Le Bon Samaritain da ke Walia, shi ne kuɗin farko da ya kamata a kashe. Galahanga ba a gano ta da jini ko da hoton kai. Kallon yaro ake yi, a yi wa iyaye tambayoyi. Akwai wata takarda mai tambaya 20, M-CHAT-R, da aka tsara domin yara 'yan wata 16 zuwa 30, kuma an fassara ta zuwa Faransanci da Larabci. Tana tambayar abubuwa irin su ko yaro yana nuna abu da yatsa don ya nuna wa uwarsa, ko yana kallon inda aka nuna masa. Ba ta yanke hukunci, tana dai nuna wanda ya kamata a duba da kyau.

Masu dubawar ne suka yi ƙaranci. Chadi ta yi shekaru da dama da likitan ƙwaƙwalwa ɗaya tilo, kuma ko a nahiyar baki ɗaya, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 sun nuna likita ɗaya ne ga mutum 500,000. Masu koyar da magana, waɗanda a takardar asibiti ake rubuta musu ortofonis, sana'arsu sabuwa ce a wannan yanki. Sai a 2003 makarantar ENAM ta Lome a Togo ta buɗe sashen horar da su da taimakon ƙungiyar Handicap International, ta zama mashayar ƙasashe renon Faransa da dama. Cibiyoyin gyaran jiki da aka daɗe da sani, irin ta Kabalaye da ƙungiyar SECADEV ke gudanarwa, an gina su ne domin guragu da waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu. Akwai cibiyar CESER da ke koyar da yara masu jinkirin fahimta, sai kuma 'yan ƙananan wurare masu zaman kansu. Mai hali yakan tsallaka gadar Ngueli zuwa Kamaru, ko ya hau jirgi zuwa Tunis ko Alƙahira. Wasu Hausawan birnin da ke da dangi a Najeriya sukan nufi Maiduguri ko Kano. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, Khartum ma na cikin wuraren da ake zuwa neman magani.

Tafiyar waje tana iya samar da takarda mai ɗauke da sunan lalurar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da aka daɗe ana ce mata sakacinta ne. Sai dai takarda ba ta koya wa yaro neman ruwa. Bayan mako biyu za a dawo gida, a sake fuskantar tambayar nan dai.

A tsakanin nan kusan kowane gida ya riga ya bi ta wajen malam ko fasto. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi zancen aljani ko kambun baka ko kishiya. Babu amfanin yi wa iyaye dariya a kan wannan, kuma addu'a ba ta hana magani. Ɓarnar tana cikin shekarun da ke tafiya. Wani likita na Enugu, Muideen Bakare, da abokan aikinsa sun rubuta tun 2011 cewa yaran Afirka masu galahanga sukan iso asibiti a makare, kuma da yawansu ba sa magana ko kaɗan lokacin da aka kawo su. Jira shi ma hukunci ne da iyaye ke yankewa, ko da ba su zauna sun yanke shi ba.

To, an sami cibiya. Nan lissafi ke shigowa. Mafi ƙarancin albashi a Chadi sefa 60,000 ne a wata. A ƙaddara, don misali kawai, kowane zama sefa 5,000 ne, sau biyu a mako: 40,000 ke nan a wata, kashi biyu cikin uku na albashin, ba a sa kuɗin kilando, wato babur na haya, ba. Ga wanda ke zaune a Diguel ko Farcha ko ƙetaren kogin Chari, tafiyar kanta aiki ce, balle da yaron da ƙarar hon da cunkoson kasuwar Dembe ke firgita shi, a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Uwa za ta bar sana'arta rabin yini. Sauran yara biyar ko shida na gida su ma suna da kuɗin makaranta. Uban da ya ce "a dakata tukuna" ba lallai ne mugu ba, sau da yawa aljihunsa ya duba.

Amma akwai wani lissafin da ba a cika yi ba. Ƙaramin yaro yana a farke kusan awa 90 a mako. Zama biyu na minti 45 awa ɗaya da rabi ne. Sauran awa 88 ɗin yana hannun uwarsa, da yayyensa, da goggonsa, da duk wanda ke tsakar gida. Abin da ya kamata iyaye su auna, a ganin mai wannan rubutu, ba kyawun ginin cibiya ba ne ko yawan kayan wasanta, illa abin da take turowa gida tare da yaron.

Tarihin magungunan ya goyi bayan haka, ko da yake ya ɗauki hanya mai nisa. Likita Leo Kanner ne ya fara bayyana lalurar a Baltimore ta Amurka a 1943, daga yara 11 da ya duba. Ba a jima ba aka ɗora wa uwaye laifi, aka ce sanyin zuciyarsu ne ya sa yaran suka rufe kansu, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya yaɗa daga Chikago. An daɗe da rushe wannan magana. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya bi mutum miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na sanadin lalurar gado ne. Gado kuwa ta ɓangare biyu yake zuwa, har ma an ga cewa tsufan uba lokacin haihuwa yana ɗan ƙara yiwuwarta. Wannan ya isa a tuna wa dangin miji da ke cewa "a danginmu babu irin wannan".

Faransa ce ta fi daɗewa a kan tsohon ra'ayin, kuma wannan ya shafi Chadi, tunda littattafai da horon ma'aikata da yawa daga can suke biyowa. Shekara da shekaru likitocin Faransa suna ɗaukar galahanga a matsayin matsalar tunani da za a warware ta hanyar tonon dangantakar yaro da uwarsa, har akwai masu naɗe yara cikin jiƙaƙƙen zane mai sanyi da sunan magani. A 2004 aka bayyana hukuncin kwamitin kare haƙƙin jama'a na Majalisar Ƙasashen Turai cewa Faransa ta tauye wa masu galahanga haƙƙin ilimi. Sai a 2012 hukumar lafiyarta, HAS, ta fito fili ta fifita hanyoyin koyarwa da horo, ta kuma ƙi amincewa da naɗe yaran. Uwar da ta je cibiya a N'Djamena aka shafe awa ana tambayarta ko tana son cikin lokacin da ta ɗauka, ba a tambaye ta yadda yaron ke neman abinci ba, tana da dalilin yin shakka.

Daga Amurka kuma wata hanyar ta fito, wadda yau ake kira ABA. A 1987 Ivar Lovaas na jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya ba da rahoton yara 19 da aka yi wa horo na awa 40 a mako, aka karkasa kowane aiki ƙanana-ƙanana, ana ba yaro lada in ya yi daidai. Ya ce 9 daga cikinsu sun shiga makaranta tare da sauran yara ba tare da taimako ba. Wannan adadi na awa 40 shi ne ke karya wa iyaye gwiwa har yau, domin wanda ya karanta shi a intanet sai ya ga awa ɗaya da rabin da yake iya biya wasa ne. To amma yara 19 ba su da yawa, kuma ba a raba su da ƙuri'a ba kamar yadda ƙa'idar bincike ta tanada. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2018 ta ce hujjar wannan horo mai tsanani tana da rauni. Wata bitar da aka buga a 2024, wadda ta tattara bincike 144, ba ta sami tabbacin cewa ƙarin awanni na kawo ƙarin ci gaba ba. Ga kuma manya masu galahanga da suka tashi cikin irin wannan horo suna ƙorafin an tilasta musu daina kaɗa hannu da girgiza jiki, abubuwan da ke kwantar musu da hankali kuma ba sa cutar da kowa. Shi kansa Lovaas a farkon aikinsa yana amfani da mari da tsawa, abin da masu hanyar suka bari daga baya.

Binciken da ya fi kusa da halin N'Djamena wani ne daban. A Ingila, Jonathan Green da abokan aikinsa sun ɗauki yara 152, suka koya wa iyayen rabinsu yadda za su lura da ƙananan alamun da yaro ke bayarwa, su bi abin da ya ja hankalinsa maimakon su riƙa ba shi umarni. Ana ɗaukar bidiyon uwa da ɗanta suna wasa, a zauna tare a kalla, a nuna mata inda yaron ya miƙo hannu ko ya saci kallo ba ta gani ba. Sakamakon farko a 2010 bai burge sosai ba, amma da aka koma bayan shekara shida, a 2016, sai aka ga lalurar ta fi sauƙi a jikin yaran da aka horar da iyayensu. An kai wannan hanya Goa a Indiya da Rawalpindi a Pakistan, inda ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne suka koyar da iyaye, a bincike mai yara 65, aka kuma ga fahimtar juna tsakanin uwa da ɗa ta ƙaru. A kan irin wannan tunani Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina nata shirin horar da masu reno, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zama 9 a ƙungiyance da ziyarar gida sau 3. An gwada shi a Habasha da Kenya, kuma hukumar ta saki littattafansa kyauta a 2022.

Abin da ake koyarwa ba sihiri ba ne. Yaro yana son fanke: maimakon a miƙa masa tun bai nema ba, a riƙe shi kusa da fuska, a ɗan jira, ya kalla ko ya miƙo hannu ko ya yi sauti, sannan a ba shi ana cewa "fanke". A tsuguna daidai tsayinsa. A rage dogon zance. In yana jera murafe, a zauna a jera tare da shi, a miƙa masa ɗaya-ɗaya har ya fara jiran na gaba daga hannun mutum. Wanda ba ya magana a koya masa miƙa hoton kofi in yana jin ƙishirwa, dabarar da aka fara a Amurka a 1985, kuma hotunan da aka ɗauka da waya aka wanke a shago sun wadatar. Yawancin abin da ake kira taurin kai, da cizon hannu, da buga kai da bango, kukan wanda ba shi da hanyar faɗin abin da yake so ne, ko na wanda haƙori ko ciki ke ciwo bai iya nunawa ba. Babban gida irin namu a nan yana da rana: yayye uku da suka san dokar "jira ya nema" sun fi ƙwararre ɗaya da ake gani ranar Talata.

Saboda haka tambayar farko da ta dace a yi wa mai cibiya ita ce, "Malam, zan iya shiga in zauna in gani?" In aka ce iyaye su tsaya a waje kullum, ƙofa a rufe, to yaron da ba ya magana ba zai iya ba da labarin abin da aka yi masa ba. A tambayi inda ma'aikatan suka yi horo, da yara nawa ke hannun mutum ɗaya, da abin da suke yi in yaro ya tayar da rigima. A duba ko akwai bulala a kan tebur. A nemi a faɗi abu biyu ko uku da za a sa gaba, a cikin harshen da kowa zai gane: ya nemi ruwa, ya zauna a fo, ya daina fita titi da gudu. Duk wanda ya ce zai warkar da galahanga cikin wata shida, a tashi a bar masa kujerarsa.

Maganar harshe ma takan taso, a birnin da yaro ke jin Hausa ko Ngambay ko Gorane a ɗaka, Larabcin Chadi a ƙofar gida, Faransanci a makaranta. Akan shawarci iyaye su daina yi wa yaro harshen gida su koma Faransanci kaɗai don kada ya rikice. Binciken da aka yi kan yara masu galahanga da ke tashi da harshe biyu bai nuna hakan na ƙara musu jinkiri ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne kaka da goggo, waɗanda ba su jin Faransanci, sai su yi shiru da yaron, alhali su ne suka fi zama da shi.

Akwai kuma kasuwar ƙarya, wadda WhatsApp ya kawo har tsakar gida. Ana tallar wani ruwa da ake kira MMS, wanda a gaskiya sinadarin wanke kaya ne, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sake gargaɗi a kansa a 2019. Ana tallar "wanke ƙarfe daga jini", abin da ya kashe wani yaro ɗan shekara biyar a Pensilbaniya a 2005. Mafi haɗari ita ce jita-jitar cewa allurar rigakafi ce ke jawo lalurar. Tushenta rahoton Andrew Wakefield ne na 1998 kan yara 12, wanda mujallar Lancet ta janye a 2010, a shekarar da aka soke masa lasisin aiki. Danmark ta bi yara fiye da 650,000, ta buga sakamako a 2019, ba ta sami alaƙa ba. A Chadi, inda annobar ƙyanda da aka ayyana a 2018 ta kashe ɗaruruwan yara, hana ƙanen yaro rigakafi saboda yayansa ba ya magana sayen musiba ta biyu ne. Abin da ya kamata a yi wa ƙanen shi ne sa ido, domin bincike ya nuna kusan 1 cikin 5 na ƙannen masu galahanga su ma sukan fito da ita.

Ƙwaya ba ta maganin galahanga kanta. Likita kan rubuta risperidone in fushi da cutar da kai sun yi tsanani, amma tana sa ƙiba da barci, ba abin saya a teburin mai magani a bakin kasuwa ba ce. Farfaɗiya kuwa, wadda ta fi yawa a cikin waɗannan yara, tana da magani, kuma ba ta jiran shawarar dangi.

A takarda, doka na tare da iyaye. Chadi ta kafa dokar kare naƙasassu mai lamba 007 a 2007, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2019, tana kuma bikin ranarsu ta ƙasa kowace 7 ga Fabrairu, ban da ranar galahanga ta duniya ta 2 ga Afrilu da aka fara a 2008. A aji kuwa, malamin firamare da ke gaban yara ɗari ba shi da idon da zai ware wa wanda ke toshe kunne yana shiga ƙarƙashin benci. Shi ya sa yana da kyau a tambayi cibiya tun farko ko tana zuwa ta yi magana da malamin makaranta ko na allo, ko kuwa aikinta ya tsaya a bakin ƙofarta.

Iyayen da suka rasa tabbas ba dole ne su ɗaure kansu da shekara guda ba. Ana iya yin gwajin wata uku. A sayi ƙaramin littafi, a rubuta abin da yaron ke iya yi ranar farko, a ɗauki bidiyonsa na minti biyu yana cin abinci ko yana wasa, a sake ɗauka a ƙarshen kowane wata. A sa damina a lissafi, domin wanda ya ga yadda ruwa ya mamaye Walia a Oktoban 2022 ya san akwai makonnin da ba za a iya fita da yaro ba, don haka a nemi aikin gida a rubuce ko a cikin saƙon murya. In kuɗin zama biyu a mako ya gagara, a nemi zama ɗaya a mako biyu wanda uwa da babbar yaya za su shiga ciki. Bayan wata ukun, in yaron yana kuka tun daga kan kwanar cibiyar, kuma babu ko abu ɗaya da mutanen gida suka koya, a ɗauki littafin da bidiyon a kai wa wani.